Abin da Bargon Inna Ya Rufe

Zuwa ga Shugabar Ma'aikatan Jinya,
Gidan kula da tsofaffi da masu doguwar jinya,
Jos.

Ranki ya daɗe, Metiron,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki, waɗanda muke gani da waɗanda sunansu kawai muke gani a bango. Ya aiki, ya kuma sanyin garin nan?

Sunana Haruna, tela ne ni a Nasarawa Gwom. Ni ne ɗan tsohuwar da ke gado na huɗu a ɗakin mata, wadda kuke kira Mama Fulani, ni kuma nake kira Inna. Ban rubuta sunan gidanku a takardar nan ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba, uwata ce har yanzu take hannunku. Sau uku ina zuwa ofishinki. Biyu na tarar da kwaɗo a ƙofa, na ukun kika ba ni amsa a tsaye da makullin mota a hannu. To, tunda magana a ɗaki ta gagara, bari mu yi ta a gaban jama'a.

Kin san yadda muka zo muku. Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya juya kanta, magana ma da kyar take fita. Shekara biyu matata tana ɗaga ta tana kwantarwa, har bayan matar tawa ya buɗe aka yi mata aiki, likita ya ce ko bokitin ruwa kada ta ƙara ɗauka. Ba ni da ƙanwa a kusa. Na sha gori a unguwa, wai Haruna ya kai uwarsa ajiya, na haɗiye. Abin da ya kwantar mini da hankali bakinki ne. Ke kika zaga da ni, kika ce kowane ɗaki da ma'aikata biyu a kowane lokaci, domin juya mai irin wannan ciwo aikin mutum biyu ne. Kika ce duk bayan awa biyu ake juya su don kada fata ta mutu. Kika ɗaga takardar da ke rataye a ƙafar gado kika ce duk wadda ta juya mara lafiya sai ta sa hannu. Ban zo da maganar kuɗi ba, wannan alkawarin na zo tambaya.

Na ɗaya, maganar farar riga.

Ranki ya daɗe, ban yi karatun jinya ba, amma shekara talatin ina kan keken ɗinki, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ranar Lahadi da yamma, lokacin da kuka ware wa 'yan ziyara, gidanku cike yake da masu fararen kaya, kowa na kai da komo. A cikin rigunan akwai wata da aljihunta na hagu ya taɓa yagewa, aka ɗinke shi da zaren da bai kai rigar fari ba, ɗinkin hannu, karkatacce. Lahadin farko na gan ta a jikin wata doguwa, rigar ta ɗage mata. Lahadi ta biyu tana jikin wata gajera, an naɗe ƙasan an kama da fil. Ta uku kuma wata mai jiki ce ta sa, maɓallan na neman tsinkewa. Riga ɗaya, mata uku! Na roƙi gajerar ta gyara wa Inna filo, sai ta tsaya tana waige-waige kamar baƙuwar da aka aika kicin ɗin mutane.

Su waye waɗannan matan? Nas-nas ne, ko aron su ake yi ranar Lahadi tare da rigar? A allon bangon ofishinki na ƙirga sunaye takwas. Fuskar da nake samu kullum ɗaya ce, Sista Ladi, dattijuwar nan mai ɗingishi. Na taɓa karanto mata suna biyu daga allon na ce yaushe suke shigowa, sai ta sunkuyar da kai ta ce a tambayi oga. Tun daga ranar na san akwai lauje cikin naɗi.

Na biyu, maganar takardar ƙafar gado.

Wadda ta fara buɗe mini ido Madam Nkechi ce, 'yar Anguwan Rukuba, wadda nake sayen zare da maɓalli a shagonta tun ina yaron shago. Surukarta ce ke gado na biyar. Wata Lahadi ta tare ni a bakin get, ta ce da Hausarta, "Oga Tela, kai ka zo, ka gaishe shi, ka tafi. Ka ɗaga bargo ka duba Mama, yana wari." Wallahi haushinta na ji. Na ce a raina wannan ba ta san mu ba. Amma maganar ta hana ni sukuni, har na ɓata wa mutum wuyan riga washegari.

Ranar Laraba, wadda ba ranar ziyara ba, na rufe shago na dama fura na zo da hantsi. Mai gadi ya so ya hana ni, na ce magani na kawo, Allah ya yafe mini ƙaryar. Ɗakuna uku na leƙa, babu farar riga ko ɗaya sai Sista Ladi, tana ba wata tsohuwa kunu, wata kuma a ɗaki na gaba tana ta ƙwala mata kira. Na ɗauki takardar Inna. Agogona ya nuna sha ɗaya saura, amma takardar ta ce an juya ta ƙarfe sha biyu, an juya ta ƙarfe biyu, da huɗu, har shida na yamma. An sa hannu a gaban kowanne. Sunayen daban-daban ne, biron ɗaya, rubutun ma ɗaya. Ikon Allah, ashe a gidanku har aikin da lokacinsa bai yi ba an gama shi.

Wa ya cike wannan takarda? Wa ya ba shi umarni? Kuma aikin wa ne ya bi gadajen nan ya ga ko abin da ke takarda shi ke jikin mutum? Ni dai a sanina shugabar ma'aikatan jinya ba don ta zauna da hula ta daban aka naɗa ta ba. Ita ke raba aiki, ita ke zagayawa, ita ke zuwa ta ce wa masu gida hannu bai isa ba, a ƙaro ko a rage gadaje. Ni ko wando ba ya fita daga shagona sai na juya cikinsa na duba.

Na uku, shi ne mai nauyin.

Dole in yi miki bayanin abin da nake zargin kin riga kin sani. Ni ɗan fari ne, mu kuma Fulani ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta taɓa ba tun da ta haife ni. "Wancan" take cewa, ko "telan nan". Ba ta haɗa ido da ni, ba ta cin abinci a gabana, kuma ko wuta ce ke cin ta ba za ta ce mini tana jin zafi ba. Ni ma daga bakin gado nake durƙusawa in gaishe ta, idona a ƙasa. Duk ranar Lahadi nakan same ta an shafa mata hoda, an fesa mata turare, an ɗaura mata kallabi, an ja bargo har wuya. A Jos wa zai yi mamakin bargo? Har godiya nake yi muku da kuke kare ta daga sanyi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda da nawa laifin. Makonni na yi ina gaida bargo ina tafiya.

Ranar Larabar nan babu hoda, babu turare. Warin ya tarye ni tun kafin in durƙusa. Na roƙi Sista Ladi ta zo ta duba, ta ce in yi haƙuri, hannunta biyu ne. Na duba ɗakin babu wata mace mai ƙafa da zan roƙa. Sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na ɗaga bargon uwata da hannuna.

A kwatangwalonta na dama akwai gyambo da ya kai faɗin tafin hannuna, bakinsa ya yi baƙi, zanin ya manne a ciki. Ba ciwon kwana biyu ba ne, ko ni tela na san wannan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fita bayan ɗakin na yi kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa.

Da na tare ki a bakin mota, me kika ce mini? Kika ce ai Mama ce ke son a bar ta a kan damanta tana fuskantar gabas saboda salla, ku kuma kuna girmama addinin kowa. Haba, Metiron! Salla biyar ce a yini, kowace minti nawa take ci? Sauran awannin fa? Sannan surukar Madam Nkechi, wadda ke da Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin filo, ita ma a ɓari ɗaya take wuni, ita ma an samu ciwon ya fara a bayanta. Ita wace alƙibla take kallo? Kada a jingina wa addinin tsohuwa abin da rashin ma'aikata ya jawo.

Zargina ke nan, kuma zan so ki ƙaryata ni da hujja. Ina zargin kun lura da waɗanda 'ya'yansu maza ne ke zuwa, kun san ba za mu ɗaga zani ba, kun san tsofaffinmu ba za su yi ƙara ba, sai kuka mayar da kunyarmu abin rufa asirinku. In ba haka ba, me ya sa ba wanda ya kira ni ranar da fatar ta fara ja? Lambata tana rubuce a saman wannan takardar da ake cikewa tun da safe.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa.

Ki kira likita ya duba ciwon Inna da na duk wanda ke kwance a gidan, a gaya wa iyalansu gaskiyar abin da aka gani.

Ki tara mana mutum takwas ɗin nan na allo a rana ɗaya, kowace da rigarta da takardar shaidar karatunta. In babu su, a goge sunayen, a gaya wa masu gidan su ɗauko na gaske. In sun ƙi, ki faɗa mana, mu san da wa muke magana.

A daina sa hannu a kan aikin da ba a yi ba. Gara in ga gurbi babu komai, in san uwata ta wuni a ɓari ɗaya, da a nuna mini ƙarya mai tsabta.

A bar mata 'yan uwa su shigo kowace rana su duba jikin nasu, ba sai Lahadi ba. Wanda kuma ba shi da macen da za ta iya zuwa, irina, ma'aikaciya ta duba ta fito ta gaya masa.

Sannan ina gargaɗi, kada a ɗora wa Sista Ladi wannan kaya. Na san yadda ake yi, in ta ɓaci sai a nemi na ƙasa a kora a ce an ɗauki mataki. Matar nan ita kaɗai ke riƙe da ɗakuna uku da ƙafa ɗaya da rabi. In aka sallame ta, takardata ta gaba da sunan gidanku za ta fita, kuma hukumar da ta ba ku izini zan kai wa da ƙafata.

Kafin ki amsa, ki sani ina rufe shago sau uku a yini in hau keke in zo, ni da Sista Ladi mu juya Inna. Mai gadi ya daina tare ni. Ina kama kafaɗarta, ina kawar da kai, ita kuma tana rufe ido har mu gama.

Akwai abu ɗaya da ban gaya miki ba a bakin mota, domin kina sauri. Shekarata hamsin da ɗaya, tun ina ƙarami nake son in ji yadda sunana zai fito daga bakin uwata. Na ji shi ranar Larabar nan, bargon yana hannuna. Da harshen nan nata da ya karye ta tattaro ƙarfinta ta ce, "Haruna, rufe ni." Gyambon, in Allah ya yarda, zai warke. Wannan kuwa ban san likitan da za ki kira masa ba.

Allah ya ba ki ikon gyarawa tun da sauran lokaci. Allah ya ja kwananki har ki tsufa, ya haɗa ki da masu juya ki a kan lokaci, kada ya sa ɗanki ya ga abin da na gani.

Wassalam.

Naki,
Haruna Tela,
Nasarawa Gwom, Jos.