Hannun Da Na Ɓoye A Tashar Mota

Pati, 24 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Sekar,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga babanki, Bapak ɗinki. Ina fatan kin sauka Nepal lafiya, sanyin duwatsu bai kama miki ƙirji ba, kuma mutanen ƙauyen da kuka je taya ginin makaranta suna cika miki kwano. Mu nan lafiya lau, in aka cire hannuna na dama da ya ƙone.

Kada ki ga rubutun nan ki ce kaza ce ta bi ta kan takarda, da hagu nake yi. Shekara ashirin da shida ina gyaran babur, ni ne mai ce wa mutane su kula da zafin salansa, sai ga ni ranar Talata na damƙe salansar babur ɗin abokina Kardi, alhali yanzu ya kashe shi. Wata yarinya ce ta wuce a keke da mayafi ruwan ɗorawa irin naki, na yunƙura in aike ta sayen kofi. Kardi ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Darsono, 'yarka ce ta yi tafiya ko hankalinka?" Na ce duka biyun, a jaka ɗaya.

Ranar da kika tafi na cika baki a rumfar abincin Yu Parmi, na ce na samu 'yanci, sati bakwai babu mai ɓoye min taba. Ga tabar nan a kan tebur, ko kallonta ba na yi. Ashe neman ne daɗin. Shinkafa kuma har yau ta mutum biyu nake aunawa. Kyanwarki ta yi ƙiba kamar matar ɗan kwangila.

Tunda an karɓe muku wayoyi, malamarku Bu Endang ta ce in riƙa kai mata wasiƙa ta ɗauki hoto ta tura wa shugaban tafiyarku. Bu Endang, in kina leƙawa, a yafe kuskure, aji huɗu na tsaya.

Ki kula da sallah, ki rufe kunnuwa da safe.

Mahaifinki,
Darsono

Pati, 9 ga Yuli

Zuwa ga Sekar,

Bayan sallama da tambayar lafiyarki da ta abokan aikinki, na samu wasiƙarki. Layi takwas. Na ƙirga sau uku ko za su haihu. Na ji kina dakon bulo da safe, kina koya wa yara lissafi da yamma. Ke da ko bokiti ba kya ɗauka a gida sai kin ce bayanki!

Bu Endang ta zo shago da takardar da kika ambata, ta fassara min Turancin. Wai masu shirya tafiyar sun zaɓe ki, za su ɗauki nauyinki ki ƙarasa shekara biyun sakandare a makarantar kwana a ƙasar waje, in mahaifi ya sa hannu kafin 25 ga wata. Madalla. Sai dai hannun mahaifin yana cikin bandeji. In na sa da hagu za su ce jabu ne, su kama ni, ki rasa makaranta ki rasa uba. A jira ya warke.

Sai layinki na ƙarshe. Kin ce a tasha kin sunkuya ki sumbaci hannuna kamar yadda kike yi kullum tun kina shekara uku, na cusa shi aljihu na ce baƙin mai zai ɓata miki hanci, iyayen yara suka kwashe da dariya, mota ta tashi. Kin ce har jirgi ya ɗaga kina tunanin abin. Haba Nduk, 'yar Bapak, yau kika fara sanin bakina? Wasa ne.

Gidan dai shiru. Jiya na tsinci kaina ina yi wa kyanwa bayanin kafiretar babur.

Naki,
Bapak

Pati, 21 ga Yuli

'Yata Sekar,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa kina lafiya. Ba ki ba ni amsa ba, kuma ban ga laifinki ba.

Yu Parmi ta tona min asiri. Ina cin shinkafa da tempe na waken suya a rumfarta, hannu tsirara, sai na hango Bu Endang tafe, na zaro bandeji daga aljihu ina naɗawa. Ta dafe ƙugu ta ce, "Kang Darsono, wannan ciwo naka sai ya ga malama yake tashi? Ka ji kunya, tsohon banza." Na warware bandejin na mayar aljihu.

To ga gaskiya. Hannun ya warke tun kafin in rubuta miki ta biyu. A tasha ma babu baƙin mai a jikinsa, sau uku na wanke shi da sabulu da lemun tsami saboda ke. Rawa yake yi, shi ya sa na ɓoye. A wannan tashar, kusa da mai sayar da tikiti, mahaifiyarki ta sumbace shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, za ta aikin gida a ƙasar waje. Ita ma shekara biyu aka ce. Kin san yadda aka dawo mana da ita, a akwatin gawa. Da kika sunkuya da jaka a bayanki, ita na gani. Na ce in ban ba ki hannun ba, kamar ba a yi ban kwana ba ke nan, dole ki dawo. Dabarar ɗan aji huɗu.

Ba ke kika jawo wancan ba, bai kamata ke ki biya ba. Ranar Alhamis na sa hannu, da dama, a gaban Bu Endang. Ya ɗan karkace, amma nawa ne. Ki je ki yi karatunki, na yarda, Allah ya yi miki albarka. Ni da kyanwa za mu koyi auna shinkafa.

Takarda kam na sallame ta. Saura bashin hannun da kike bi na tun ranar tasha, shi kuwa ba ya biyuwa ta hoton Bu Endang. Ranar 4 ga Agusta da za ki dawo zan tsaya a inda na tsaya a tasha. In ya yi rawa ki riƙe shi a haka. Zan ɗauro zanen maza da nake zuwa Juma'a da shi, kin san ba shi da aljihu.

Mahaifinki mai jiranki,
Darsono