Ba Maus Ba Ne, Hannun Surukina Ne

Saƙo ne daga wani ɗan uwa, ya ce a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika mini ciki kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan. Hausawan Alƙahira kamar 'yan gida ɗaya muke, ka yi tari a Ainu Shams da safe, kafin la'asar ana yi maka sannu daga Ard al-Liwa.

Ni ɗan Najeriya ne, karatu ya kawo ni Masar, na gama na zauna har na yi aure. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Ma'adi da ke fassara littattafan addini daga Larabci zuwa harsunanmu na Afirka, ni ke kula musu da kwamfutoci. Kar ku ɗauka wani babban injiniya ne, rabin aikina lallashi ne. Wannan ya kira ni hankali a tashe wai sikirin ya mutu, in je in tarar mai shara ce ta zare waya. Waccan ta ce fassarar wata guda ta ɓace, alhali ita ta jefa ta kwandon shara da hannunta. Maganar maus kuwa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Akwai wani Basudane da ya ce shi mai waya ɗaure masa hannu yake, akwai wadda ba ta son mai ƙara idan an danna, shi kuma mudir ɗinmu, wato shugaban wurin, sai sirantacce wanda ko riƙewa ba ya yi. Ina da durowa guda cike da su, kowa in ba shi irin nasa a zauna lafiya. Ban taɓa jin aikin ya dame ni ba, har daɗinsa nake ji, mutum ya zo a ruɗe ya koma yana dariya.

To a cikin ma'aikatan akwai surukina, mahaifin matata. Malam dattijo ne, ya daɗe a ƙasar nan, shi ke duba duk fassarar Hausa kafin a kai ɗab'i. Shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aikin, kuma iƙamata, takardar zaman ƙasa, ta hannun kamfanin take, haka ma tasa. Kun dai san tsakanin mutum da surukinsa a wajenmu. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, idan na hango shi a baranda sai in canza hanya. Shi ma ba ya kirana kai tsaye, a ofis mai kawo mana shayi yake aikowa, a gida kuma ta bakin matata. Larabawan wurin har mamaki suke, wani ya taɓa tambayata ko faɗa muka yi.

Watannin baya mai shayi ya zo ya ce Malam ya ce linzaminsa na yi masa gardama, haka yake kiran maus, linzami. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya matsa gefe, na gwada. Lafiya ƙalau. Amma tunda babba ya ce akwai matsala ai akwai, sai na canza masa wani. Ba a jima ba aka sake aikowa. Na kawo marar waya, ya ce wannan ba shi da nauyi, kamar kwalin ashana da ba komai a ciki. Na kawo babba, ya ce santsi gare shi. Na canza shimfiɗar da ake ɗora shi a kai, na goge kwamfutar na sake zuba mata komai. Har kasuwar tsofaffin kaya na shiga na yi ta tono, na samo masa irin na da ɗin nan mai ƙwallo a ciki, mai nauyi. Ya yi murna da shi, na ce alhamdulillah an huta. Satin bai ƙare ba mai shayi ya sake tsayawa a kaina.

Ranar ne na ga abin. Na gama dubawa na koma bayansa na tsaya, na ce ya gwada in gani. Ya ɗora hannun damansa a kan maus ɗin, sai na ga hannun yana rawa. Ba rawar sanyi ba, wani irin kaɗawa ne a hankali wanda ba ya tsayawa, kibiyar tana ta tsalle a sikirin. Ya danna sau ɗaya yatsan ya ƙara na biyu da kansa, ya ja sakin layi guda ya kai shi wani wuri bai sani ba. Da ya ɗaga hannun sai ya yi maza ya tura shi cikin riga. Ina ɗago kai muka haɗa ido ta cikin gilashin sikirin, abin da ba mu taɓa yi ba. Sai ya ce, “Linzamin ne ko?” Na sunkuyar da kai na ce, “Shi ne, Baba.” Wallahi tun daga wannan amsar ban sake samun sukuni ba.

Na yi duk dabarar da na sani ba tare da na ce komai ba. Na rage gudun kibiyar, na ƙara girman abubuwan da ake dannawa, na saita yadda ko ya danna biyu ba zai yi ɓarna ba. Na kawo masa wanda ba a ja, ƙwallon yana sama da babban yatsa ake murzawa, ya aiko da shi ya ce shi ba wasan yara ya zo yi ba. Daga ƙarshe na lura hagunsa lafiya lau yake, sai wata rana bayan ya tashi na mayar da maus ɗin ɓangaren hagu na juya maɓallan. Washegari na tarar an mayar da shi dama, mai shayi kuma ya kawo saƙo, wai Malam ya ce aikin nan ayoyi ne da hadisai, bai taɓa nuna su da hagu ba kuma ba yanzu zai fara ba. Ni ma na yi karatu, na san lalura tana halatta abin da ya fi wannan. Amma wa zai tsaya gaban surukinsa ya buɗe masa babin lalura, alhali shi bai yarda akwai lalurar ba? Mutumin da har yau jama'a ke kawo masa takarda ya rubuta musu aya da hannu su rataye a falo, saboda kyan rubutunsa. Kwanan nan duk wanda ya kawo sai ya ce aiki ya yi masa yawa.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wani littafi ya kusa tafiya ɗab'i da layi biyu a goge daga tsakiyar wani hadisi, Allah ya sa wani ya gani. Mudir ya tambayi Malam, Malam ya ce na'urar ce, ta daɗe tana yi masa haka. Aka kira ni ofis. Mudir ya yi faɗa har muryarsa na fita waje, ya ce kullum sabon maus, kullum ana kan gyara, aiki ɗaya ya gagare ni wata da watanni, ko ban san aikin ba ne aka cusa masa ni. Ni dai ma'alish, wato a yi haƙuri, kawai nake ta cewa. Tun daga nan abokan aiki suka sa ni gaba da tsokana, wanda jiya na ceto masa fayil yau shi ke tambayata ko in kawo masa ɗan ƙanensa ya koya mini. Ina dariya tare da su amma raina ƙuna yake, na san aikina, ban taɓa wasa da shi ba.

Gida ma ban tsira ba. Ashe Malam idan an tambaye shi me ya sa ya rame ya rage magana, sai ya ce kwamfutar ofis ce ke wahalar da shi. Matata ta tare ni da wannan, muka yi cacar bakin da ba mu taɓa yi ba tunda muka yi aure. Ta ce Babanta ya yi mini komai, ya ba ni ita ya ba ni aiki, ɗan abin da ake turawa da hannu ya gagare ni in gyara masa, ko dai raini ne ya fara shiga. Maganar ta zo mini har leɓe na haɗiye. Na san matata, mutuniyar kirki ce amma cikinta ba ya riƙe abu. Tana ji za ta fashe da kuka ta kira Mama, Mama mai hawan jini ce, daga nan a kira yayyenta a Kano, kafin magariba an kafa gurup ana tara shawara a kan dattijon da bai ce wa kowa yana ciwo ba. Kuma zai san daga ina ta fito, ni kaɗai na gani. Sai na ba ta haƙuri na ce zan ƙara ƙoƙari, ta kwana biyu tana ajiye mini abinci ba magana.

Abin da ke hana ni barci shi ne ni ba likita ba ne, ban san menene wannan ciwon ba, amma ina ganin yana ƙaruwa. A da sai ya ɗora hannun a maus ake gani, yanzu ko carbi yake ja ana gani idan an lura. Wataƙila abu ne da idan an je asibiti da wuri za a shawo kansa. Ina jin kamar kowane maus da na canza masa, ƙara masa kwanakin rashin zuwa asibiti na yi, ina kiran abin ladabi.

Yanzu ga inda aka zo. Ranar Alhamis kafin a tashi mudir ya kira mu ni da Malam, ya ce khalas, wato ya isa haka, ya gaji. Ya ce ranar Lahadi da safe, wato gobe, idan an dawo aiki, shi da kansa zai zauna a kujerar Malam ya yi aiki da kwamfutar a gabanmu. Idan ta yi masa gardama, ya sami wanda zai maye gurbina. Idan kuma ta yi lafiya, to a lokacin zai san inda zai duba. Shi kuwa Malam hannunsa na cikin riga. Mun hau metro ɗaya zuwa Ainu Shams, shi a wannan tarago ni a wancan.

Yau da safe wayata ta yi ƙara, na duba na ga lambarsa. Bai taɓa kirana da kansa ba, ko ranar da aka yi mana haihuwa ta wayar 'yarsa ya yi mini barka. Na miƙe tsaye na ɗauka, sannan na tuna ba ya ganina. Muka gaisa. Sai ya ce, “Gobe ka yi sammako, ka riga kowa zuwa. Ka duba mini linzamin nan da kyau.” Na ce to, Baba. Ya ce, “Allah ya yi maka albarka,” muryarsa ba yadda na san ta ba, ya kashe.

Na gane abin da yake roƙo, kuma na san abin da ya ci masa kafin ya iya roƙon. Lalata maus yadda kibiya za ta yi ta tsalle a hannun kowa ba ya kai mini shan ruwa wahala. Idan na yi, asirinsa ya rufu gobe, ni kuma aiki ya tafi, iƙama ta bi shi, ga mata ga jariri, kuma a idon matata na zama wanda ya ba Babanta kunya. Sannan na ci amanar mutanen da suka damƙa mini kayansu. Kuma duk wanda aka kawo bayana ba surukinsa ba ne, satin farko zai faɗi abin da ya gani. Idan kuma na bar kwamfutar yadda take, a gaban idona Balarabe zai juya ya kalli hannun dattijon nan, bayan ya sauke girmansa ya kira ni. Hanya ta uku ita ce in je in same shi yau in faɗa masa baki da baki, Baba hannun ne, mu je asibiti, mu je wa mudir da gaskiya kafin ya gano da kansa. Na shirya maganar a raina ya fi a ƙirga, da na zo kan kalmar hannu sai harshena ya ƙi.

Yanzu haka matata na kicin tana haɗa masa farfesu. Ta shigo tana murmushi ta ce Baba fa ya ƙara ƙaimi a ibada, kusan kullum azumi yake, ko ya sha ruwa ma shi kaɗai yake ci a ɗaki ya rufe ƙofa. Ita alfahari take yi, ni kuwa na san cokali yake ɓoyewa. Ta ce da la'asar in kai masa da kaina, ko zai huce da ni.

'Yan uwa, musamman dattawan cikinmu da waɗanda suka zauna da surukai, kwanon nan zan ɗauka nan da anjima, kuma shi zai buɗe mini ƙofa. In miƙa in durƙusa in juyo, gobe in yi abin da ya roƙa? Ko in ajiye kunyar nan a bakin ƙofa in shiga? Idan shiga zan yi, don Allah wani ya rubuta mini kalmar da zan fara da ita, ni na rasa.