Kaskon Inna ya rasa masu jin ɗumi

Zuwa ga ƙanwata Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya gida, ya Alhaji, ya yara da ƙarfin jikinki? Mu nan Ƙofar Durɓi sai godiya, in ban da gwiwar nan tawa.

Kin ce za ki zo in sanyi ya kankama, mu ji ɗumi kamar da. A kan maganarki na fito da kaskon Inna, na sayi gawayi, na shanya barguna. Binta, sanyin bai zo ba. Ya ɗan leƙo, kafin mu sa rigar sanyi ya wuce. Haka yake ta ja da baya shekara da shekaru, zafi kuma yana cin rabonsa. Ke kin san da ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba. Yanzu da shi nake alwala ban ɗumama ba.

Ran Juma'a da safe na gaji da jira, na hura kaskon, na kira maƙwabciyata Hajiya Kulu. Ta zauna kaɗan tana sharce gumi, ta ce, “Yaya, gasa mu za ki yi?” Muka yi dariya, ta koma gidanta. Ni na zauna har garwashin ya zama toka. Ashe sanyi ne yake tara mana mutane a ɗakin nan.

Ki gaida Alhaji da yara, ki sa ni a addu'a. Kada ki jira sanyi, Binta. Ki taho haka nan.

Yayarki,
Saude