Ashe Baba Kallona Yake Yi

Daga Sodangi a Masar zuwa ga ƙanena Illo, Ƙofar Atiku. Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da yara? Ni lafiya lau, sai abu guda.

Ka tuna yadda marigayi Baba ke kau da fuska in yana yi mini magana? Mun ɗauka kunyar ɗan fari ce. Illo, ashe kallona yake yi! Yau tsakiyar ganina ta dushe, sai na karkata kai nake ganin fuskar mutum. Mai maganin ido ya ce tsufa ne da gado, taba kuma tana gaggauta shi.

Don Allah ka bar taba, ka riƙa sa malafa a rana. Kada Inna ta ji. Ka ajiye kunya, ka dubi ɗan farinka da kyau tun kana iyawa. Wassalam.