Gambar Iyaka

Talata, 10 ga Yuni, bayan isha'i

Yau na yi ɓarna da ƙaramar taraktata. Wurin juyawa garma ta tumɓuke gambar da ta raba gonarmu da ta maƙwabcinmu Baba Sani, kusan taku talatin. Iyaka ta ɓace. Abin da bai kai wannan ba ya sha kai mutanen garinmu Burkullu gaban alƙali.

Na je na kira shi. Ya ja layi da sandarsa, sai na ga layin ya shiga cikin tasa gonar.

"Baba, ba nan take ba."

"Ni da marigayi ubanka munka dasa ta, kai za ka hwaɗa mani? Bar wa jakin ƙarfen naka wurin juyawa."

Ban musa ba. Gobe gonarsa zan fara yi wa huɗa.