Na Daje Wa Auta Bakin Saƙarta, An Fitar da Ita Daga Gasa

Anti, ki taimake ni, raina a ɓace yake. Ni tela ne, kuma duk layinmu babu wanda zai ce ya taɓa ganin zare na reto a rigar da ta fito daga shagona. Autata tana karatun zane da sana'ar hannu, saƙa ta zaɓa. Tun rasuwar mahaifiyarta ni ne uwa ni ne uba.

Bana aka sa musu gasar ɗalibai masu tasowa. Wanda ya ci za a ba shi babbar masaƙa, a kuma tura shi wurin ƙwararru ya ƙara koyo. Yarinyar nan ta yi wata da watanni tana fama, har tsofaffin zannuwan uwarta ta warware ta saƙa mayafi da zarensu. Da ta gama ta shimfiɗa a teburin shagona, ta ce in naɗe in kai mata zauren baje kolin, ita tana da jarrabawa.

Anti, da na duba sai kunya ta kama ni. Sama tsaf, amma ƙasan duk zare ne ke reto kamar gemun bunsuru, gefe guda ma ba a ƙarasa ba. Na ce 'yar tela ba za ta fita da wannan a idon jama'a ba. Na sa almakashi na daidaita, na hau keke na daje bakin, na goge da dutsen guga. Guntayen zaren na share na zuba a buhun ƙyallaye da masu matasai ke zuwa ɗauka.

Ranar buɗewa muka tarar an rataye shi a lungu, wai an cire shi daga gasa saboda akwai ɗinkin keke, su aikin hannu zalla suke so. Kin san wa ya ci? Wani mai kwando marar gindi! Kwandon da ko albasa ba zai riƙe ba, alƙalai sun zagaye shi suna gyaɗa kai, hannu a haɓa. Na biyu kuwa tulu ne a karkace. Sunan da Auta ta sa wa nata ma, wai "Inda Mama Ta Tsaya", ban ga abin da ya haɗa shi da mayafi ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga mini murya ba. Ta tura masaƙarta ƙarƙashin gado, ta ce ta bar saƙa. Tana gaishe ni, tana ajiye mini abinci, amma ta daina zama a shago muna hira, kuma wannan ne ke cin raina. Ki faɗa mini inda zan kai ƙarar waɗannan alƙalan da ba su san aiki mai kyau ba.

Naki,
Tela Mai Tsafta

Malam Tela,

Sannu da ƙoƙari. Na yarda aikinka tsaf ne, na kuma yarda ƙauna ce ta sa ka ɗauki almakashi. Ni ma na sha tsayawa gaban abin da ya ci gasa ina tambayar kaina ko idona ne ya samu matsala. To amma kwando marar gindi bai taɓa maka 'ya ba. Dokar aikin hannu tana nan tun kafin ka hau keke, alƙalai bin ta kawai suka yi. Ƙarar wa za ka kai, bayan mai laifin yana zaune a shagonka da tef a wuya?

Naɗewa aka ce ka yi, ba gyara ba. Da maƙwabcinka zai shigo ba ka nan ya rage hannun rigar da ka ɗinka don a ganinsa ya yi tsawo, da duk layin sun ji muryarka. Kiran waya ɗaya ya ishe ka, amma ka ga kai ne gwani, ita yarinya ce.

Abin da ya fi ba ni takaici, da hannunka ka rubuto mini amsar ba ka gan ta ba. Zaren zannuwan uwarta ne. Sunan aikin "Inda Mama Ta Tsaya". Gefen da ka ce ba a ƙarasa ba, da gangan aka bar shi, don nan ne uwar ta tafi ta bar ta. Abin da ka kira gemun bunsuru ke nan.

Ka je wurin masu gasar, ba da ƙara ba, ka gaya musu ɗinkin naka ne, ba da saninta ba. Wataƙila ba za su sauya hukunci ba, amma sunanta zai fita daga zargin maguɗi, ta iya shiga baɗi. Sannan ka ba ta haƙuri, kada kalmar "amma" ta fito daga bakinka. Kada ka matsa mata ta fito da masaƙa, kada kuma ka yi tayin warware ɗinkin, hannunka ya isa haka nan.

Kafin duk wannan, ka ajiye jaridar nan ka zazzage buhun ƙyallayen tun masu matasai ba su zo ba. Ka tsince zaren matarka ɗaya bayan ɗaya, ka kai wa Auta yadda yake, ba guga, ba daidaitawa.

Allah Ya jiƙan mahaifiyarta, Ya sanyaya zuciyar Auta, Ya dawo maka da hirar shago.

Anti