An Ce Toktosun Ya Huta

Mosko, ƙarshen Mayu

Yaya Jumadil,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Tumaki sun hau dutse kuwa?

Mu nan lafiya lau, kada ku damu. Maigidana Toktosun har yanzu yana cikin mataimakan shugaban ƙasa, yana wakiltar jamhuriyarmu. Sai dai an ce ya huta. Mota ta daina zuwa ɗaukarsa, wayar gidan ma ta yi shiru. Wanda ya riga shi zama kujerar ma da hutu aka fara masa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, amma kowa da rabonsa.

Ranar bikin ma'aikata mun fita kallo da ɗanmu Esenbek. Da aka wuce da hotunan manya, yaron ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ina naka?" Mutanen da ke kusa suka matsa gefe. Uban ya ce, "An kai shi gyara." Tun ranar Toktosun bai ci abincin kirki ba.

Ga roƙona. Zan sa Esenbek a jirgin ƙasa tare da wata 'yar garinmu, iskar dutse da nonon goɗiya za su amfane shi. In za ka kai shi makaranta, ka ce ɗanka ne. Kada ka aiko amsa.

Ni zan zauna, ba zan bar mutumin nan shi kaɗai ba. Ka ce Inna ta yafe mini. Yaron ba ya barci sai an riƙe masa hannu, ka daure har ya saba.

Ƙanwarka,
Burulca